Na'ibi Mai Bin Sawu da Ɗansa na Fari

Na'ibi taubashina ne. Ni 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa sai dai ya haɗiye. Shekarunsa saba'in da ɗaya bana, ya girme ni da shida, kuma tun ina yarinya nake tsokanarsa ban gaji ba. In kun taɓa shiga kasuwar tumaki ta kudancin Jidda kuka ga wani dogon tsoho mai ranƙwafaffiyar kafaɗa yana fiɗa ba ya kula kowa, to shi ne. Sunan kakansa aka sa masa, kakan kuwa na'ibin liman ne, shi ya sa ake ce masa Na'ibi. Shi dai bai taɓa jan salla ko ta mutum biyu ba.

A wani ƙauye aka haife mu a bakin kogi, kudu da Sinnar, cikin Hausawan da kakanninsu suka taso don aikin hajji hanya ta zaunar da su a Sudan. Gidan su Na'ibi gidan maharba ne. Duk shekara in an yanke dawa, ciyawa ta yi ja, tafkuna sun fara janyewa, sai mazan gidan su yi shirin fitar kaka. Dangi ne da abokai, wajen mutum ashirin, da jakuna da karnuka da bindigar toka biyu da duk garin yake taƙama da su. Sukan yi kwana bakwai, wata shekarar goma. Na'ibi ba ya cikin masu harbi. Aikinsa bin sawu, shi ke gaba kowa na bayansa. Sai ya dubi ƙasa ya ce, wannan mace ce kuma tana da ciki, a ƙyale ta. Ko ya ce, wannan namiji ne, ƙafarsa ta hagu na ciwo, kafin azahar za mu same shi. Kuma a same shi.

Barewa suke kawowa da gada, in an yi sa'a a samu gwanki. Shekarar da aka kashe gwanki babu gidan da ba ya ɗora tukunya, har gidan da ake gaba da shi sai an aika masa. Mu mata muna bakin gari muna jira da wuƙaƙe da igiyoyi, mu yanyana nama mu shanya, yara na korar shirwa, hayaƙin kara ya cika ko'ina. Ina kewar kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Sama da shekara talatin ke nan ina sayen nama a leda mai sanyi, ban taɓa jin wanda ya kama ƙafar na wancan lokacin ba.

Akwai wata al'ada a gidansu da sai na faɗa muku ita, don a kanta duk maganar take. Uba ba ya kai ɗansa na fari daji. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, balle ya kama hannunsa ya nuna masa abu. Kunya ce irin ta ɗan fari, kowa ya san ta, amma su nasu ya yi tsanani. Ƙanin uba ko wansa shi ke ɗaukar yaro ya kai shi daji ya koya masa. Na'ibi shi ma ɗan fari ne, kuma baffansa ne ya koya masa komai. Ubansa har ya mutu bai taɓa ce masa sannu da aiki ba, sai dai in an yabi yaron a gabansa ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Shekarar da fari ya cinye gonaki Na'ibi ya tsallako teku da niyyar umra. Ya samu kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya wa baƙo, ya samu aiki a kasuwar tumaki, don wanda ya saba feɗe barewa rago ba ya ba shi wuya. Ya ce shekara biyu zai yi. Duk wanda kuka gani a unguwarmu ta Waziriyya da furfura, shekara biyu ya zo yi. Daga baya ya ɗauko matarsa Rabi, a nan suka haifi Nasir, bayansa mata uku. Ni ma na biyo mijina Maiturare, wanda ke da ɗan shagon turare a bakin titi, muka zauna layi ɗaya da su.

Nasir ya tashi a garin da ake kiran mutum da sunan ɗansa na fari don girmamawa. Larabawan kasuwa suna ce wa Na'ibi Abu Nasir, shi kuma sai ya yi kamar da wani ake. Yaron yana ganin abokansa ubanninsu na rungume su a ƙofar makaranta, shi kuwa a gida sunansa "kai" ko "wannan". In ya shigo falo uban ya miƙe ya tuna yana da abin yi a waje. 'Yan matan kuwa har wuyan uban suke hawa. Nasir yana da shekara goma sha biyar ya same ni ina tankaɗe ya ce, "Gwaggo, laish, me ya sa Baba ba ya sona?"

Na ce masa, "Kai ya fi so duk cikinku, shi ya sa ba ya iya kallonka."

Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ban ga laifinsa ba. A garinmu da yana da baffa a ɗaki na gaba wanda zai ja shi a jiki ya cike masa gurbin. A nan ba shi da kowa sai ni, ni kuwa ban san daji ba.

Ranar na tari Na'ibi a ƙofar gida na sauke masa kwandon magana. Na ce nan Jidda ce, wa zai gan ka ya yi maka dariya? Ka zaunar da ɗanka ka yi masa hira, ka nuna masa abin da ka sani. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Zaharadden yana nan. In an yi kaka zan kai masa shi."

Zaharadden ƙaninsa ne, shi ya zauna a gida ya riƙe gona. Duk kaka sai ya aiko da saƙo, da farko a kaset, daga baya a waya: "An yanke dawa. Ina ɗana?" Na'ibi ya saurara sau uku sau huɗu, ya ce bana kam za mu je. Sai kafili ya ce akwai aiki. Wata shekarar iƙama, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa, wata shekarar yaro na jarrabawa. Sau biyu tak suka je Sudan, kuma duka a hutun makaranta, wato tsakiyar damina, lokacin da ko jaki ba ya shiga daji don taɓo. Nasir ya gama makaranta, ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa, ya yi aure, ya haihu. Zaharadden ya fara cewa gonakin inji sun cinye dajin, sai an yi tafiyar kwana biyu ake ganin barewa ɗaya. Na'ibi ya ce ko ta kwana goma ce za a yi.

Sannan yaƙi ya zo. Mutanenmu suka watse, Zaharadden ya kwashi iyalinsa zuwa wani gari da bai san kowa ba, zazzaɓi ya kama shi a can, ba magani, ya cika. Aka yi zaman makoki a bakin layinmu kan kujerun roba. Rana ta uku da mutane suka ragu, Na'ibi ya kira ni gefe. Na ɗauka maganar marayu zai yi. Sai ya ce, "Lubabatu, yanzu wa zai kai yaron nan daji?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kai ka mutu ne?"

Mutumin da ake magana a kansa kuwa yana can yana kwashe kofunan shayi, ƙato mai gemu da 'ya'ya biyu.

A lokacin mun san idon Na'ibi ya rage, ba mu dai san iyakar abin ba. Rabi takan ce yana zuba shayi a gefen kofi, shi kuma ya ce tururi ne ya rufe masa. A kasuwa ba wanda ya lura, don fiɗa hannu ke yin ta, kuma hannunsa bai taɓa kuskure ba. Asibiti kuwa ko da ɗaure shi aka yi ba zai je ba.

Kakar bara Nasir ya zo shagon Maiturare ya same mu mu biyu. Ya ce akwai wani mutum da yake gyara wa injin rijiya, sunansa Thamer, yana da gona bayan duwatsu, tafiyar awa biyu daga Jidda. Mutumin yana kiwon barewa a garke da takardunsa, kuma filin gonar babba ne, an zagaye shi da waya.

"Na yi masa magana, Gwaggo," in ji Nasir. "Zai saki ɗaya a filin tun jajibiri. Baba ya bi ta, ya same ta, halas, shi ke nan. Ya'ni ya yi farautarsa ko sau ɗaya. Bas, kawai dai kada ya san ta garke ce."

Na ce, "Ubanka za ka yi wa wayo a kan barewa?"

"Wallahi tun rasuwar Baffa Zaharadden ba ya cin abinci. Ban san me zan yi masa ba. Ba ya magana da ni."

Yaron yana tsammanin nama uban yake kewa, ko gudun dabba. Bai san shi ake jira a kai daji shekara da shekaru ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa. Na so in faɗa, sai na ga ba bakina ya kamata ya ji ba. Na ce to, da babu gara ba daɗi.

Ni aka ɗora wa kai saƙon, tunda ɗa da uba ba sa doguwar magana. Na ce wa Na'ibi akwai wani fili bayan duwatsu da barewa ke yawo a sake, mai wurin ya yarda mu je. Ya ce bindiga fa? Na ce kai da bindiga a ƙasar mutane, so kake a ɗaure mu gaba ɗaya? Ka bi sawu kawai, in ka kai mu gare ta mai gona ya san yadda zai yi. Ya ce wa da wa za a je? Na lissafa masa, na sa sunan Nasir a ƙarshe, na ce shi zai ja mota. Kwana uku suka wuce. A na huɗu Rabi ta kira ni tana dariya, wai Malam ya je ya sayo takalmin roba.

Ranar Juma'a muka tashi bayan sallar asuba, zafi ya ɗan sassauta kamar yadda yake yi a ƙarshen shekara. Nasir na tuƙi, uban na gefensa, ni da Rabi da Maiturare a baya, tukunya da buhun gawayi na bugun juna a but. Maiturare ya cika motar da labarin gwankin da ya taɓa kayarwa da hannu ɗaya. Aurenmu shekara talatin da takwas, ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. A kujerar gaba kuwa awa biyu cur abin da aka faɗa bai wuce "rage gudu" da "tayyib, Baba" ba.

Thamer ya tare mu a bakin ƙofa, kakkauran mutum mai fara'a. Ya riƙe hannun Na'ibi da hannu biyu yana ta "Ahlan ya Abu Nasir", Na'ibi na kallon ƙasa. Wurin yashi ne da tsakuwa da itatuwan ƙaya, ga wani busasshen rafi ya ratsa ta tsakiya, wayar shingen tana can bayan tudu ba a hango ta. An ɗan yi yayyafi kwana biyu da suka wuce, ƙasar ta kwanta. Rabi ta zauna a rumfa ta hura wuta. Ni kuwa na ɗaure mayafi a ƙugu na bi su.

Na'ibi ya ce, "Tun yaushe mace ke zuwa farauta?"

Na ce, "Ai wannan ba…" Sai Nasir ya yi tari, na kama bakina. Na ce, "Tsohuwa ba mace ba ce, wuce mu je."

Ya shiga gaba. Ya ɗebi ƙasa ya saki a hankali ya ji inda iska ta kai ta a hannunsa, ya juya ya fuskance ta. Wallahi da na ga bayansa a lokacin, yadda kafaɗar nan ta miƙe, sai na ga saurayin da muke jira a bakin gari, har idona ya kawo ruwa. Muka bi shi a jere, Nasir, ni, Maiturare, Thamer can baya da igiya a kafaɗa.

Ba mu yi nisa ba muka iso bakin rafin. Ga sawun barewa nan ya ratsa hanya, ɓaro-ɓaro a kan yashi mai laima, ni da ban san komai ba na gan shi tun daga nesa. Na'ibi ya zo kansa a sunkuye, ya ɗora takalminsa a kai, ya wuce. Maiturare ya buɗe baki na mintsine shi. Nasir ya tsaya cak yana kallon inda uban ya taka. Na'ibi ya ƙara taku kamar goma, ya rage sauri, ya tsaya. Ya ji ba ƙarar ƙafa a bayansa. Ya daɗe a tsaye bai waiwayo ba. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ya ce, "Ƙasar nan fari ɗaya nake ganinta."

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin Zaharadden ya rasu."

Na so in zage shi tas, in ce shekara biyu kana yawo cikin motocin Jidda da makanta don taurin kai. Sai na fasa. Nasir ne ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, sawun yana bayanka. Ka taka shi."

Na'ibi ya juyo ya dawo a hankali. Kuma kun san abin da mutumin nan ya ce? Ya ce, "Maiturare, zo ka duba mini."

Nan kam na kasa haƙuri. Na ce, "Maiturare bai san sawun akuya da na jaki ba. Baffa ya mutu, ƙani ya mutu, ba wanda ya rage sai kai. Ga ɗanka nan a gabanka da ido biyu."

Thamer bai ji Hausa ba amma ya ja baya ya ba mu wuri. Na'ibi ya shafi gemunsa, ya sake shafa. Sannan ya tattara rigarsa ya tsuguna, ya ce, "Kai, tsuguna."

Nasir ya tsuguna a gefensa, gwiwarsu har tana taɓa juna. Ko a lokacin bai kira sunansa ba, kada ku ce na ƙara gishiri.

"Me ka gani?"

"Zayy… kamar zuciya, Baba, an raba ta biyu."

"Ina tsinin ya nufa?"

"Wajen dutsen can."

"To can ta tafi. Miƙo hannunka."

Ya laluba ya kama hannun Nasir, ya ware masa yatsu biyu, ya ɗora su a gefen sawun. Tun da aka haifi yaron nan a gabana, ban taɓa ganin hannun ubansa a kan nasa ba sai ranar. Ya ce, ji bakin ramin, ya zube ko yana tsaye? Nasir ya ce yana tsaye, amma wani ɗan layi ya bi ta ciki kamar an ja zare. Na'ibi ya ce ƙwaro ne, kuma irinsa ba ya fita da rana, ke nan kafin ya bi ta wuce, sawun na jiya da yamma ne. Nasir ya waiwayo ya dube ni baki buɗe. Ya san daidai lokacin da aka sake ta.

Haka suka ci gaba, ɗa na gani yana faɗa, uba na fassarawa. Inda Hausar Nasir ta ƙare sai ya cika da Larabci, inda Larabcin bai isa ba sai ya kama yatsan uban ya kai shi wurin. Na'ibi ya nuna masa yadda ƙafar baya ke faɗawa kusa da gurbin ta gaba in tana tafiyar hankali, da yadda kofato ke buɗewa in ta zabura. Ya sa shi ya auna tsakanin taku da taku da tafin hannu. Ya sa shi ya duba reshen ƙaya ya ga inda aka tsinke ganye, ya ce ɗanye ne ko ya bushe. Maganar da bai yi wa yaron ba a shekara talatin da biyar, ya yi ta a awa ɗaya. Nasir ya manta da mu, ya manta da Thamer, ya manta ma da cewa shi ya shirya abin. Farar rigarsa ta yi buɗu-buɗu, yana rarrafe yana cewa, "Shuf, duba, Baba, ga wani nan, wannan ya fi zurfi."

A wani lungu na rafin inda laka ba ta gama bushewa ba suka samu sawu mai kyau, ya fito kamar an buga hatimi. Na'ibi ya ce ya faɗa masa shi daki-daki.

"Kofaton tawil ne marra, Baba. Dogo ƙwarai. Bakin ya lanƙwashe, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya."

Na'ibi ya ce, "Duba na gabansa."

"Shi ma haka."

"Akwai kashinta kusa?"

Nasir ya duba ya samo. Uban ya ce ya murje ɗaya a tafin hannu ya faɗi abin da ke ciki. Ya murje ya kai kusa da ido, da ɗokinsa, ya ce, "Akwai ɓawon sha'ir." Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Hannun ya tsaya a inda yake.

Na'ibi ya ce, "Barewar daji dutse ke yanke mata farce. Kuma ba wanda ke zuba mata sha'ir. Wannan a garke ta girma."

Maiturare ya fara nazarin sararin sama. Ni ma na rasa inda zan sa fuskata. Nasir ya sunkuyar da kai ya ce, "Samihni, ka yafe mini, ya Baba. Ni na shirya. Gwaggo ba ta da laifi."

Na ce ina da shi mana, ni na kai saƙon.

Na'ibi bai kula ni ba. Ya ce wa ɗansa, "Ka gani daidai. Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba, ko da yake maganar ta tona maka asiri. Ni sai da baffana ya yi kaka biyu yana fama da ni kafin na daina faɗin abin da nake so in gani." Ya dafa kafaɗar Nasir ya miƙe. "Tashi. Ai ba mu kai ba."

Suka bi ta har ƙarshe, taku bayan taku, ba su tsallake ko ɗaya ba. Muka same ta a inuwar wata bishiya dab da waya, tana jiran a zo a mayar da ita gida. Da ta gan mu sai ta taso da 'yan siraran ƙafafunta ta zo tana shinshina aljihun Nasir. Thamer ya matso da igiya ya tambaya da Larabci ko a yanka. Na'ibi ya laluba ya shafa wuyanta har zuwa kunne, ya ce a gaya masa an gode, wadda ta zo da ƙafarta ba a kiranta abin farauta. Shinkafa da kaza muka ci a hannun Rabi, Maiturare ya yi ƙari sau biyu.

Da muka dawo Jidda Nasir ya kai shi asibiti, wannan karon bai yi gardama ba. Likita ya ce ciwon ya riga ya cinye jijiyar, abin da ya rage kawai za a yi ƙoƙarin tsarewa. Yana zuwa kasuwa har yanzu kwana uku a mako, Nasir ke kai shi ya ɗauko shi, kuma yanzu ana magana a motar, Rabi ta ce har gardama suke yi.

Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne maganar da muka yi a gonar bayan cin abinci. Nasir ya bi Thamer duba injin rijiya, Rabi na wanke tukunya, muka rage ni da Na'ibi a rumfa. Na ce bari in tsokane shi ya saki rai. Na ce, sarkin maharba, yau ka kama barewar da ke cin abinci a kwano. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Yana da ido, Lubabatu. Ya fi ni ido lokacin da na fara."

Na ce, "To ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai ka gode wa Allah."

"Na gode masa." Ya juya fuskarsa wajen da muryar ɗansa ke tasowa. "Ina jiran kaka, ina jiran Zaharadden, ina jiran daji. Ga yashi a bayan gidanmu kullum safiya, kyanwa ta bi, tantabara ta bi, ɓera ya bi. Ina wucewa ina karantawa ni kaɗai, shi yana bayana da jakar makaranta. Da na tsuguna sau ɗaya lokacin da nake gani, da na nuna masa abu dubu. Yau abin da yatsa ya iya taɓawa kaɗai na ba shi."

Na zuba masa shayi, na kama hannunsa na ɗora a kan kofin.